Takabar da ta fita kafin labari ya iso: bitar wani wasan daɓe a Tawa

A garin Tawa akwai wata ƙungiyar ƴan wasan kwaikwayo mai mutum bakwai, mata uku da maza huɗu, wadda ake ɗauka haya ta yi wasa a farfajiyar lakkol ko filin unguwa ko gidan matasa. Wasan da suke yawo da shi a bana yana cin minti 75 ba hutu a tsakiya, kuma a kan mutuwar ɗan cin rani yake. Wanda ya san Adar ya san ba su yi nisa wajen neman labari ba. Da an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, samari da magidanta sai su kama hanya, wasu Abijan, wasu Agadas su bi ta Dirku su faɗa Libiya, a bar gida a hannun mata da tsofaffi. Wannan bita ta masu niyyar kiran ƙungiyar ce, da masu son sanin ko wasan ya cancanci dala ɗarin da ake biya a ƙofa. Ya cancanta. Amma fa sai an shirya masa wuri, domin rabin ƙarfinsa a cikin shiru yake, shiru kuwa a buɗaɗɗen fili da dare ba ya samuwa sai an yi masa aiki.

Labarin gajere ne. Magidanci ya tafi bida, ya bar matarsa da uwarsa a gida ɗaya. Wata biyu na farko saƙon murya yana zuwa ta WhatsApp, kuɗi ma suna zuwa ta kamfanin aike. Daga nan sai ɗif. Bayan wata biyar wani abokin tafiyarsa ya dawo da labarin cewa ya rasu tun a makon da saƙo ya yanke, an kuma rufe shi a can.

A nan ne wanda ya tsara wasan ya nuna ya zauna gaban malamai. Takabar macen da ba ta da ciki wata huɗu da kwana goma ce, kamar yadda aya ta 234 cikin Suratul Baƙara ta faɗa, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi daga ranar rasuwa ake fara lissafi, ba daga ranar da labari ya iso ba. Sai ga liman zaune a kan buzu yana ƙidaya watanni da yatsu a gaban matar, ya kai ƙarshe, ya sake farowa kamar mai fatan ya yi kuskure. Sannan ya ce mata, ba tare da ya ɗaga kai ba: "Ɗiyata, takabarki ta fita tun ba ki sani ba." Ba gawar da za a wanke, ba makarar da za a ɗauka, ba kushewar da za a nuna wa yara. Kwanakin ma da addini ya ware mata ta zauna a ɗaka da baƙin cikinta, sun wuce tana daka tana ɗiban ruwa tana jiran salula ta yi ƙara. A kan wannan magana ɗaya aka gina wasan duka, kuma ta ɗauki ginin.

Abu na biyu da suka iya shi ne kunya. Daga farko har kusan ƙarshe ba wanda ya faɗi sunan mamacin. Matar ba za ta faɗa ba, mijinta ne, sai dai ta ce "maigidan" ko "shi". Tsohuwa ba za ta faɗa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Ƴan kallo ba su lura da wannan da wuri, don haka ake yi a gidajensu. Sai a hankali abin yake fara nauyi: mata biyu da suka fi kowa son mutum a duniya, ga shi ya mutu, kuma bakinsu ba zai iya kiransa ba. Wanda yake da ikon kiran sunan gatsau shi ne taubashinsa, wanda a farkon wasa shi ke ba mutane dariya, yana cewa ai in ya dawo sai ya biya shi kuɗin shara na shekara biyu. Sau ɗaya tak ya kira sunan, a minti na sittin da wani abu, a bakin zaure, da muryar da yake tsokanarsa da ita, sai muryar ta karye a tsakiya. Ba mu taɓa ganin an nuna soyayya a daɓen Hausa da ƙarancin kalmomi haka ba. Babu waƙar bege, babu riƙe hannu. Akwai dai akushin da matar take zuba tuwo a ciki kowane dare ta rufe da faifai ta ajiye, da safe ta ba almajiri, suruka tana gani tana kawar da kai.

Wurin da ya fi kowanne tsayawa a rai shi ne na alawayyo. Tsohuwa ta daɗe da sayen farin ƙyallen likkafaninta ta ajiye a ƙasan adaka, tana cewa ɗanta ne zai sa ta a ciki. Bayan labari ya iso, masu gaisuwa sun watse, ta fiddo shi ta warware a tsakar gida. Ta kama gefe ɗaya, ta dubi matar ɗanta, ta ce: "Ke, kama mini." Matar ta ce: "To, Inna." Iyakar maganar ke nan. Suka ja ƙyallen ya miƙe, suka matso suka haɗa gefe da gefe, suka ja baya, suka sake matsowa, kamar yadda mata ke ninke zanen gado, ninki bakwai. A kowane ninki tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa, har a na ƙarshe hannuwansu suka haɗu a kan ɗan dunƙulen ƙyalle, ba wadda ta saki. Kusan minti huɗu ake yi a nan ba kiɗa ba magana. Mai wasan tsohuwar ba ta kai shekara arba'in ba a ganinmu, amma ta san yadda tsohuwa take tashi daga tabarma: tafin hannu a ƙasa tukuna, sannan gwiwa ɗaya, sannan ta dakata ta yi salati. Ba ta yi rawar murya irin ta masu kwaikwayon tsufa don a yi dariya ba.

Kiɗan mutum ɗaya ne, da gurmi da ƙwaryar ruwa, yana zaune a gefen hagu inda kowa ke ganinsa. Gurmin na tafiya ne, ƙwaryar ta jira ce, yana ɗiga mata bugu ɗaya ɗaya kamar tulu mai yoyo. Ya san inda zai yi shiru, wannan kuwa ba kowane makaɗi ba.

To, sai inda suke tuntuɓe. Fitowar tasha ta yi tsawo. Kamasho da mai shayi da fasinjan da ya ɓatar da tikitinsa suna cin minti goma sha biyar, alhali bakwai sun isa. Mun gane dalilinsu. Mutanenmu sun taso da wasannin samariya na zamanin Seyni Kountché, da wasannin Yazi Dogo da abokansa a rediyo da talabijin na ƙasa, inda ake koyar da darasi ta hanyar dariya, saboda haka da an ce wasan kwaikwayo mutum da shirin ƙyalƙyala yake zuwa. Dole a ba shi dariyar ya ƙoshi kafin a juya shi. Amma taubashi ya riga ya yi wannan aikin, kuma ya fi kamasho iyawa. Tashar tana sa yara su ɗauka haka za a yi ta yi har ƙarshe, sai ga shi ana tsakiyar lissafin liman wasu na gaba suna jiran ya yi abin dariya.

Na biyu ya fi wannan girma. Akwai wurin da wani ɗan wasa yake fitowa a matsayin Mutuwa, fuska shafe da farar ƙasa, yana rawa a hankali yana kewaya gidan. An ɗauko wannan ne daga salon wasannin da ake gani a bukukuwan teyatur na manyan birane, kuma a can yana iya yin ma'ana. A Adar, inda mutane suka san bori da idonsu, wanda ya fito da farar fuska yana rangaji da dare ba Mutuwa ake gani ba, iska ake gani ya hau doki. Take sai gunaguni ya tashi a ɓangaren dattawa, wasu su ɗauki takalmansu. Ban da haka ma, wasan bai buƙace shi ba. Mutuwar da ke cikin akushin da aka rufe da faifai ta fi wadda aka shafa wa farar ƙasa ban tsoro. Mai kiran ƙungiyar ya roƙe su su cire wannan fitowa, minti biyar ce, ba abin da za ta rage.

Haka kuma in wata ƙungiyar agaji ce ta biya kuɗin wasan, sukan liƙa jawabi a ƙarshe, wani ya fito da mikro ya jera illolin tafiya ta hamada ɗaya bayan ɗaya. Maganar gaskiya ce, amma ba wurinta ba ne. Mutanen da suka gama kallon ninkin alawayyo ba su buƙatar a gaya musu hamada tana kisa, rabinsu suna da wanda ya tafi bai dawo ba. In dole sai an yi jawabin, a yi shi kafin a fara, ko a bari a sha ruwa a huta minti goma sannan a buɗe tattaunawa.

Yanzu maganar shiri, wadda ita ce ke raba daren da wasan ya kama mutane da daren da ya lalace. Ƙungiyar tana zuwa da tufafinta, da zana shida na yin bangon gida da zaure, da fitilu, da lasifika biyu, da ƙaramar na'urar haɗa sauti, da mikro huɗu marasa waya na maƙalawa a wuyan riga. Wuri da kuran, wato wutar lantarki, da tabarmi da kujeru na mai gayya ne.

Ba su son dandamali mai tsawo, kuma suna da gaskiya. A ƙasa suke wasa, fili mai mita 6 a faɗi da 4 a zurfi, ƴan kallo a gefe uku. Mutanen garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a cikinsa a 1975 ba sai an koya musu zama a da'ira ba. Yara da matasa a tabarmi a gaba, kujeru a baya, mata gefe maza gefe, a bar hanya mai faɗin mita ɗaya a tsakiya don abokin tafiyar da ke kawo labari ta cikin jama'a yake ratsowa. Kada layin ƙarshe ya wuce mita 15 daga ƴan wasa, don bayan nan fuska ba ta karantuwa, wasan nan kuwa a fuska yake. Wannan yana ɗaukar mutum 250 zuwa 300. In an fi haka, gara a yi dare biyu. A yayyafa wa filin ruwa awa ɗaya kafin a fara, ya sha ya lafa, in ba haka ba ƙurar da ƙafafu ke tayarwa tana tsayawa a cikin haske ta zama hazo, tana kuma shaƙe ƴan wasa. Sandunan da ke riƙe zana a binne su aƙalla santimita 40, a ɗaure sama da ƙasa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas tana tura zana da ƙarfi, saboda haka a juya bayan daɓen ga bango ta wannan gefen.

Babban maƙiyin wasan shi ne gurup, wato injin ba da wuta. In kuran ya ɗauke aka tayar da injin a mita goma daga daɓe, minti huɗun alawayyo sun zama minti huɗu na sauraron inji. A buɗaɗɗen fili duk ninkin nisa yana rage ƙara da kusan desibel 6 ne kawai, don haka matsar da shi taku biyar ba ya yin komai. A kai shi mita 40, bayan katanga, ta gefen da iska ke tafiya ba inda take fitowa ba. Wannan nisa kuwa yana son waya mai kauri, milimita murabba'i 2.5, a kuma warware ta duka daga kan abin naɗinta. Wayar da aka bari a naɗe tana ɗaukar zafi har robar ta narke, siririya mai 1.5 kuma a irin wannan tsawo tana rage ƙarfin kuran.

Lissafin nauyin ba wuya. Fitilunsu na LED shida, kowace wajen wat 150, sun kama wat 900. A haɗa da kayan sauti, duka ba su wuce wat 2000 ba. Gurup mai kVA 3 yana ba da wajen wat 2400, ya isa amma ba rara. Inda ake samun matsala shi ne mai gayya ya ga wurin da duhu ya ƙaro manyan fitilun halojin masu wat 500 guda uku ko huɗu, mai sayar da sanyi ma ya jona firjinsa, sai injin ya shaƙe ya mutu a tsakiyar wasa. In za a ƙara wani abu, a nemo mai kVA 5, a tanadi lita 10 ta mai don gwaji da wasa da kwashe kaya, a cika tanki kafin a fara, kada a zuba mai injin yana aiki. Wanda ya fi duka shi ne batir. Batira biyu na sola masu volt 12 da amfiya 200, da na'urar juya kuran mai wat 3000, suna riƙe wasan daga farko har ƙarshe in an cika su, ba ƙara ko kaɗan. Masu sola sun yi yawa a Tawa yanzu, aron dare ɗaya ba zai gagara ba.

Haskensu yana son gyara. Fitilun farin haske mai sanyi suke bayarwa, irin na kelbin 6000 zuwa sama, wanda ke mayar da baƙar fata toka-toka, ya sa farin ƙyalle ya yi ƙyalli har ido ya kasa ganin hannuwan da ke riƙe da shi. A nemi su juya fitilun zuwa launin zuma, kusa da kelbin 3200, a ɗaga su mita uku a kan sanda, su haska daga gefe biyu a karkace, ba daga ƙasa ba, don hasken ƙasa yana mayar da fuskar tsohuwa abin tsoro. A fitowar dare suna kashe komai su bar fitilar ƙwai ɗaya. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai tana aiki ne in an kashe fitilun farfajiya da na masu talla a bakin ƙofa, kuma in an roƙi jama'a tun farko kada su kunna tocilar salula.

Mikro ɗin wuya suna da nasu halin. Pil masu arha na tebur ba su kai awa guda a cikinsu, sai murya ta fara yankewa. A sa sababbin pil alkalin kafin kowane wasa, takwas ke nan in kowane mikro biyu yake ci, a ajiye wasu takwas. A sa musu soson kare iska, in babu, hunturu zai yi ta busa a lasifika. Lasifikan su kasance gaban ƴan wasa suna fuskantar jama'a. Da an ajiye su a baya, sautin yana komawa cikin mikro ya fito da wannan ƙara mai huda kunne. Mai wasan matar ta cire mayafi daga kan mikro ɗinta, ko a maƙala shi a gefen ɗankwali kusa da kunne, don duk motsin mayafi ana jin shi kamar ana yaga takarda. Akwai kuma saƙon muryar mamacin, wanda matar take sake saurara sau uku a cikin wasan. Suna kara salular ne a bakin mikro, sai ya fito a dagule, na baya ba su jin kalma ɗaya. Ya kamata a jona wata salula kai tsaye da na'urar haɗa sauti, a cire ta daga layi don kada kira ya shigo, mai kula da sauti ya danna a daidai lokacin da ta taɓa tata. Saƙon nan shi kaɗai ne muryar mutumin da ake ji a wasan bayan tafiyarsa, kuma ba komai a ciki sai tambayar ko an gyara dangar da ta faɗi da gaisuwar Inna. Bai kamata kalma ɗaya ta ɓace ba.

Lokacin farawa bayan lisha ne, da mutane sun ci tuwo, a gama kafin goma don mata su koma gida. A tambayi masallacin da ke kusa ko akwai wa'azi a daren. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, sai dai a gaya wa tsofaffi su zo da bargo. Afrilu da Mayu ƙasa tana riƙe zafi har dare, damina kuma hadari ba ya sallama. Ƙungiyar tana buƙatar awa uku kafin wasa don kafa kaya da gwada sauti, da ɗaki ɗaya mai ƙofa inda matan za su sauya tufafi. A yi maganar kuɗi a rubuce: na wasa daban, na mota daban in wajen gari ne kamar Keita ko Illela ko Bouza, a kuma faɗi wanda zai sayi pil da mai, don a nan ne saɓani ya fi fitowa.

Kada a kawo yara ƙasa da shekara goma layin gaba. A sa manyan mata biyu a ɓangaren mata, da ruwan sha a kusa, don a fitowar liman akan sami wadda abin ya taɓa ta tashi tana kuka, tana son wanda zai raka ta waje ba tare da an taru a kanta ba. In an san akwai gidan da aka yi irin wannan rashi kwanan nan a unguwar, mai gayya ya je da kansa ya gaya musu abin da wasan ya ƙunsa tun kafin ranar, su zaɓi zuwa ko zama.